Wa Ya Ce wa Isuhu "Faɗa Mana"?

Zuwa ga Yayana Malam Sabo tela, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin na ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka da haske da yalwa. Ni ce Hajara, autar Inna, har yanzu ina nan Unguwar Rogo da keken saƙata. Mutanen gida duk lafiya, in ban da Ummi 'yarka, kuma saboda ita na zauna rubutun nan.

Na sani mamaci ba ya karanta wasiƙa, kada wani ya taso mini da wa'azi. Zan ba yaran nan masu buga 'yar mujallar marubuta su saka, tunda har yau matan da suka karanta littafinka suna tare ni a gidan biki suna yi mini kukan Isuhu kamar ni na haife shi. To su leƙa su karanta, ban hana ba. Amma da kai nake, Yaya, domin kai ka ƙulla abin nan ka tafi ka bar ni da kwancewa.

Ummi ta girma, ba za ka gane ta ba. Tun da uwarta ta yi aure a Lafiya take hannuna. Bana ta kai shekarun Isuhu na cikin littafinka, kuma tun farkon damina ta ɗauke wuta. Ba ta ci sai na tsaya a kanta, ba ta hira, in na yi magana sai ta dube ni kamar daga wani gari nake kiranta. Tana dawowa Islamiyya a makare da jan laka a gefen hijabinta, lakar da babu irinta a layinmu. Ni na san inda ake samun lakar nan, kai ma ka sani. Bari in faɗa maka kai tsaye: ina tsoron ramin kuza zai cinye mini ita.

Ka tuna yadda Inna take hana mu zuwa wajen? Kakanmu da ire-irensa suka haƙa, Turawa suka kwashe kuzar suka yi gaba, ruwa ya zo ya zauna a gurbin. Kore ne shar, ba ya gudu, ba ya ƙafewa, ko kwaɗo ban taɓa jin ya yi kuka a cikinsa ba. Inna takan ce, "Ruwan nan ba shi da ƙasa, wanda ya je ya nemi wata uwar." Ni na ji tsoro na bari. Kai kuwa, da taurin kanka, sai da ka girma ka ɗauko ramin ɗungurungum ka saka a littafi.

Saboda wanda bai karanta ba, ga labarin a taƙaice. Isuhu da abokinsa Bala sun gudu daga makaranta sun je wanka ramin kuza. Bala ya nutse a gaban idonsa. Isuhu ya dawo gida shi kaɗai, tsoro ya kulle masa baki, bai gaya wa kowa ba. Unguwa ta tashi neman Bala, uwarsa kullum sai ta zuba masa tuwo ta rufe ta ajiye, Isuhu yana gani ta katanga. Daga nan yaro ya lalace. Ya daina ci, ya daina wasa, a makaranta kowa ya taɓa shi sai dambe. A shafin ƙarshe ya koma bakin ramin ya tsaya yana kallon ruwa. Sai ka rubuta cewa wata murya daga bayansa ta ce, "Faɗa mana." Layin da ke biye, "Sai ya faɗa." Shi ke nan, ka ajiye biro, sai farar takarda.

Haba Yaya! Kai da Hausa ta zauna a bakinka, ba ka ga ramin da ka haƙa a nan ba? In mai karatu ya ja harafin farko ya ce faaɗa, ya tura yaron mutane cikin ruwa, "mana" ɗin ma ta zama ta ingizawa, irin ta yaran da ke zuga ɗan'uwansu ya yi tsalle. In ya gajarta ya ce faɗa, to ya buɗe masa baki ne, "mana" ta koma gare mu, wato gaya mana abin da ke cinka. A baki ba mai ruɗewa. A takarda kuwa tufafinsu iri ɗaya, sai wanda ya karanta ya zaɓa da harshensa ko yaro ya mutu ko ya rayu.

Da ka karanta mana shafin nan da bakinka, da babu wannan magana. Duk sauran littafin ai a bakinka muka ji shi. Bayan la'asar ka rufe shago ka shigo, ka zauna a kan turmin da aka kifa, ni da Inna muna tsintar shinkafa, Ummi tana 'yar mitsitsiya a cinyarka tana jan maɓallin rigarka. Kana maƙale murya in ka zo kan kakar Isuhu, Inna tana dariya tana cewa, "Ja'iri, ni kake kwaikwayo."

Sai ciwon maƙogwaro ya zo ya fara ɗauke muryar kafin ya ɗauke ka. Surorin ƙarshe a kwance ka rubuta su, ba mai jin ko tarinka sosai. Ranar da aka kawo littafin daga maɗaba'a na zauna gefen gadonka na karanta ƙarshen, na ce, "Yaya, wanne ne? Ruwan ya shiga ko magana ya yi?" Ka dube ni, ka nuna maƙogwaronka da yatsa, ka yi murmushi. Na ɗauka tsokana ce irin taka, na ce zan kama ka in ka warke. Ba ka warke ba.

Kwanakin baya, da abin Ummi ya ishe ni, na hau acaɓa har Farin Gada wajen Oga Pam, mutumin da ya buga maka rubutun a kwamfuta. Yana nan a shagonsa bayan masu kabeji, ya yi furfura, da na ambaci sunanka har ya cire tabarau ya share ido. Na tambaye shi ko akwai wani layi da ya faɗi a wajen bugawa. Ya ce, "Madam, yi haƙuri, takardan Oga Sabo duka mai ƙosai ya kwashe tun tuni. Amma ni ban ƙara ba, ban rage ba." Na miƙa masa littafin na ce to ya karanta mini yadda ya ji shi a ransa lokacin da yake bugawa. Ka san Hausarsa, irin ta garin nan ce da mace da namiji duk "ya" ne, ni kaina "ka" yake ce mini. Ya karanta, kalmar ta fito a tsaka-tsaki, bai ja ba, bai gajarta ba. Na ce wanne ke nan? Ya ce, "Ai duka ɗaya ne, Madam." Wallahi sai da na ji sanyi ya bi ta bayana, ga rana tsaka, ga hayaniyar 'yan dako.

Duk wanda na sani ya karanta littafin nan ja yake yi. Sun kashe Isuhu sun binne shi sun yi sadakar uku. Wata malamar makaranta a Rikkos ta tsare ni ta yi mini bayani mai tsawo, wai ka nuna yadda shiru ke kashe yaro. Na ce mata to, Allah Ya ƙara basira. Amma ni ban yarda ba, kuma ga dalilaina, ka saurara ka ji ko na san ka ko ban san ka ba.

Da farko dai, a surar da ke gaban ta ƙarshe ka nuna uwar Bala ta shigo gidan su Isuhu ta ce wa kakarsa ta ga yaron ya nufi bayan gari, suka yafa mayafi suka fita tare. Su biyu ne. In ba su ne suka ce "mana" ba, me ya sa ka wahalar da tsofaffi ka fito da su cikin yayyafi? Ka kai su ƙofar gida ka bar su a nan ke nan?

Sannan na lura da wani abu da sai a karatu na ba-adadi na gan shi. Tun daga farkon littafin kalmar nan take bin yaron. Ubansa faɗa yake masa safe da yamma. A makaranta shi ke faɗa da yara. Malami faɗa, maƙwabta faɗa. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ya faɗi abin da ke ransa, sai a layin nan. Kai tela ne, Yaya, na sha ganin ka warware riga guda saboda kalmasa ɗaya ta karkace. Ba ka ɗinka littafi tun daga wuya har ƙasa zuwa ga buɗewar bakin yaro ba, sannan a ƙarshe ka cika masa bakin da ruwa.

Ga kuma takalminsa. Da safen ranar ya kai shi wajen shumeka ya ce zai dawo ya karɓa kafin Juma'a. Kuma kai da ba ka barin ƙara ta wuce ka, ƙarar keken ɗinki ka rubuta, ƙarar ruwan sama a kan kwano ka rubuta, har tusar jaki sai da ka rubuta Inna ta ce ka cire. Ina "tsundum" ɗin? Yaro ya shiga ruwa ba ko motsi?

Da waɗannan hujjoji na tari Ummi wata safiya tana taya ni warware ulu, domin na gano littafin a ƙarƙashin filonta ya yi laushi don karatu. Na jera mata su ina jin kaina kamar lauya. Ta bar ni har na gama. Ka san 'yarka ce, ba ta ɗaga murya.

Ta ce, "Gwaggo, kakar Isuhu ciwon gwiwa gare ta. A sura ta biyu ko famfon layi ba ta iya zuwa. Ta yaya ta kai ramin?"

Na ce uwar Bala ta riƙe ta mana. Ta ce to tattabarunsa fa, da ya buɗe musu akurki ya kore su kwana ɗaya kafin nan? Wanda zai dawo gida yana korar tattabarunsa? Na ce takalmi fa? Ta ce ai shi ya sa ya je ba takalmi. Na ce ƙarar ruwa fa? Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ruwan nan ba ya ƙara, Gwaggo. Ko dutse kika jefa haɗiyewa yake."

Ban tambaye ta yadda aka yi ta sani ba. Na lallaɓa na koma kan hujjata ta farko, na ce to ko ma mene ne, "mana" ta mutane da yawa ce, ba ta mai magana ɗaya ba ce. Ta ci gaba da naɗe ulu a hannunta, ta ce, "Na cikin ruwan ma ai suna da yawa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, ka ji abin da yarinya 'yar sha biyar ta faɗa mini ido buɗe. A makon ne kuma na ga 'yan kunnenta na azurfa, waɗanda ka saya mata, a kunnen 'yar maƙwabciyarmu. Wai kyauta ta ba ta. Sai tattabarun nan suka faɗo mini a rai, na shiga ɗaki na rufe na yi kuka mai isata, na kuma ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Na ce da ka san haka da ka ƙara kalma ɗaya tak, ko "musu" ce ko "ciki", kowa ya huta.

Ranar Talatar da ta wuce na rufe keken saƙa na bi ta. Daga Islamiyya ba ta nufo gida ba, ta yanke ta bayan gari, ni ina baya ina laɓewa kamar ɓarauniya, mace da girmana. An yi ruwa da rana, gajimare ya sauko har yana shafar kan duwatsu, itatuwan turaren nan na bakin ramin suna ɗiga. Ba kowa a wajen, ko mai kiwo. Ruwan ya ƙaru ƙwarai bana, ya cinye dutsen da samari suke zama a kai da.

Ba ta tsaya a sama ba. Ta tattare hijabi ta gangara ta wata 'yar hanya mai santsi da ƙafarta ta riga ta saba da ita, har sai da ya rage taku kaɗan tsakaninta da ruwan. Ni na tsaya a bayanta daga sama. Sai a lokacin na ga inda na tsaya. Yarinya a gaba tana kallon ruwa, babba a bayanta, ga kalmar nan ta taho mini har kan harshe, domin me mutum zai ce wa yaron da ke cikin damuwa in ba ita ba? Na datse haƙorana na haɗiye ta. Ko da zan gajarta ta yadda ya kamata, ban san yadda za ta isa kunnenta ba.

Kafin in samo wata maganar sai ta buɗe baki ta ɗaga murya, muryar da na yi watanni ban ji ba, ta karanta wa ruwan layinka na shafin ƙarshe. Bangon ramin na can ƙetare ya dawo da ita.

Na san amsa-kuwwa, Yaya, ba yau aka haife ni ba, mun yi wasanta a duwatsun bayan gidanmu. Amma wannan da kauri ta dawo, ƙasa-ƙasa, da 'yar dishewar nan da muryarka ta fara yi a farkon ciwonka. Tsigar jikina ta tashi. Da a kasuwa na ji ta da na waiwaya na ce, "Na'am, Yaya." Na yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ummi kuwa ta karkata kai tana saurare, sannan ta ƙara taku ɗaya ƙasa ta sake kira.

Allah ne Ya ba ni abin cewa. Na zauna daɓas a cikin laka na ce, "Wayyo Ummi, zo ki kama ni, santsi zai tafi da ni!" Ta juyo a firgice. Ta dube ni, ta dubi ruwan, wallahi sai da ta yi jim kamar wadda aka kira daga wuri biyu. Sannan ta hauro da gudu ta riƙe ni. Na damƙi hannunta damƙar da har yau shatin yatsuna yana nan.

A hanya ban yi mata faɗa ba, ban tambaye ta komai ba. Ita ta fara. Ta ce, "Gwaggo, na manta muryar Baba. Fuskarsa tana hoto, amma muryar ta tafi, sai raɗar nan ta ƙarshe kawai nake tunawa. A nan ne kaɗai nake jin ta." Ta ce wata rana ce ta je don ta ga wajen da ka rubuta, ta karanta layin da ƙarfi, sai ta ji ka. Ta ce daga sama ba ta fita sosai, sai an sauka, kuma kullum sai ta ga kamar in ta ƙara sauka kaɗan za ta ji yadda kake furta kalmar, ko ja kake yi ko gajartawa.

Na yi ƙarfin hali na ce, to wanne kika ji? Ta ce, "Ban gama ji ba tukuna."

Tun ranar ba ta fita ita kaɗai. Ni nake kai ta Islamiyya in ɗauko ta, masu kawo mini saƙa sun ji shiru sun gaji sun kai aikinsu wani wuri, oho. Na kai ta asibiti wajen wata likita mai haƙuri da take zama da ita su yi magana, Liman kuma yana yi mata addu'a, na aika wa uwarta ta zo. Bayan la'asar ina ɗauko littafin in karanta mata tun daga farko, ina kwaikwayon yadda kake yi, har da maƙale murya a kan kaka. Jiya ta ɗan murmusa ta ce ban iya ba. Gaskiyarta, ban iya ba, amma ta ci tuwo rabin kwano tana saurare. In muka kai shafin ƙarshe gajartawa zan yi, in ce mata haka ubanta yake nufi, ni na san shi tun kafin a haife ta.

Sai dai ina ganin idonta in hadari ya haɗo ta wajen bayan gari. Ni mutum ce, Yaya, zan yi wanka, zan yi sallah, wata rana zazzaɓi zai kwantar da ni. Ba zan iya riƙe hannun nan har abada ba.

Astagfirullah, na san abin da malamai suka ce, wanda ya tafi ya tafi, bango ne da ruwa suke mayar wa yarinya muryarta. Na yarda. Amma ni ma da kunnena na ji, shi ya sa nake roƙonka. Na fara wasiƙar nan da niyyar in tambaye ka wanne ka nufa, yanzu na fasa, riƙe amsarka, ba na so. Ka bar mini Isuhu a tsaye a bakin ruwa, zan ji da shi. Abu ɗaya nake nema a wajenka, don darajar Inna da ta haife mu, don son da ka yi wa yarinyar nan tun tana jan maɓallin rigarka: in ta kuɓuce mini wata rana ta je ta kira, kada ka amsa. Ka yi shiru, ta gaji ta dawo gida.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa Aljanna ce makomarka kai da Inna. Allah Ya raya Ummi, Ya sanyaya mata zuciya, Ya kai ta ranar da za ta karanta wa 'ya'yanta littafin ubanta a cikin ɗaki, nesa da ruwa. Ya tsare 'ya'yan mutane duka, na masallaci da na coci, daga ramukan garin nan. Amin.

Ƙanwarka da ba ta taɓa roƙonka shiru ba sai yau,
Hajara.